Sai Bango Ya Tsage: Allurar Maye, Ƙanjamau da Cututtuka Masu Jiran Dama



Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan karin magana ya dace da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Aikinta shi ne cinye ƙwayoyin garkuwar jiki da likitoci ke kira CD4. Idan adadinsu ya gaza 200, cututtukan da lafiyayyen jiki ke iya turewa sai su samu dama. Babbar cikinsu ita ce tarin fuka, wanda ya fi kowace cuta hallaka masu ƙanjamau a duniya. Akwai kuma wani nau'in sanƙarau, da ciwon huhu, da farin ƙurji a baki da maƙogwaro, da gudawa mai daɗewa.

Mai allurar maye yana cikin haɗari ninki biyu. Karɓa-karɓar sirinji kan ɗauko masa ƙanjamau tare da ciwon hanta nau'in B da C, allura marar tsabta kuma kan jawo maruru da cutar da ke kama zuciya. Sannan maye da tsoron kamu da kunyar jama'a sukan hana shi zuwa asibiti, sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kimanin 80,000 kuma ta hanyar allura. Kada mu ɗauka wannan annobar birni ce kaɗai. Matasanmu suna kai-komo ta Kwanar Dangora da hanyar Jos, suna ci-rani a Kano, Kaduna da Legas, kuma abin da suka ɗauko gida yake dawowa, har ya shafi matan aure da jarirai.

Amma akwai mafita. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar da maganin rage kaifin ƙanjamau kyauta, daga 2016 kuma ana fara ba da shi da zarar gwaji ya tabbatar. Septrin yana kare mutum daga wasu cututtukan, akwai kuma maganin rigakafin tarin fuka. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Zana sun daɗe suna wannan aiki. Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta tsangwamar masu cutar, a 2024 kuma Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, a ware asusun kuɗin mota ga marasa lafiyar ƙauyukanmu, domin katse shan magani shi ke sake tsaga bangon. Na biyu, likitocinmu da ma'aikatan jinya mazauna birni su riƙa zuwa gida lokacin hutun Sallah, su yi gwaji cikin sirri. Na uku, malamai da iyaye su jawo waɗannan yara a jiki, domin wanda aka kora daga gida ba ya zuwa asibiti. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, a kai shi a duba majinarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.