Kafin a gwada mai zaɓe, a gwada mai tambaya

Jawabin da aka gabatar a Dogondutsi gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

Iyayenmu sarakuna, malamai, alhazai da hajiyoyin kasuwa, ƴan uwana ma'aikata, da ku da kuka taso tun daga Tibiri, Dumega, Kore Mairuwa, Matankari da Dankasari, sannunku da hanya, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya tsayar da ni gabanku yau wata magana ce da na ji a wata fada, ana shan shayi. Ana gardama kan ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, sai wani dattijo mai fataucin wake ya ce, da an tambaye shi da ya faɗi ra'ayinsa. Wani matashi, ma'aikaci mai takardun shaida, ya yi dariya ya ce: «Baba, ko an kira zaɓen raba gardama, ai sai a fara yi wa mutane jarrabawa. Wanda bai san ƙasashe nawa ke cikin ƙungiyar ba, ina ruwansa da ƙuri'a?» Dattijon bai tanka ba. Ni ma ban tanka ba a ranar, amma maganar ta hana ni barci, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Amsar da ban ba shi ba ita na kawo muku.

Mu fara da abin da ya faru. An kafa CEDEAO a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, Nijar na cikin waɗanda suka sa hannu, zamanin Seyni Kunce. A 1979 aka amince cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ta ƙaƙaba mana takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, har aka yi barazanar kawo soja. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Kafin nan, ranar 28 ga Janairu 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa, kuma ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ku lura da abu ɗaya: ranar shiga ba a tambayi talaka ba, ranar fita ma ba a tambaye shi ba.

Ban zo in ce muku fita daidai ce ko kuskure ba. Cikin wannan zaure akwai wanda kayansa suka ruɓe a bakin iyaka lokacin takunkumi, akwai wanda ya nemi magani ya rasa, kuma ba mai iya cewa fushinsu ba shi da dalili. Akwai kuma wanda rabin danginsa ke Bachaka da Kangiwa, wanda ke tsoron ranar da za a ce masa sai da biza zai je ta'aziyya. Dukansu ƴan ƙasa ne. An ga dubban mutane a filin wasa na Yamai cikin watan Agusta 2023 suna goyon bayan hukuma, gaskiya ne. Amma taro ana kiyasta shi da ido, ƙuri'a kuwa ƙirga ta ake yi, kuma matar da ke daka a Bagaji ba ta da kuɗin motar zuwa Yamai.

To, mu koma ga jarrabawa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kakanninmu sun ɗanɗane ta. Lokacin da Faransa ta fara ba ƴan mulkin mallaka damar zaɓe a 1945, ba kowa aka ba ba. An zaɓi sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja da masu lambar girma, daga baya aka ƙara waɗanda suka iya karatun Faransanci ko Larabci. A 1951 aka ƙara magidanta masu biyan lanho da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Sai da dokar 23 ga Yuni 1956 ta zo sannan kowane baligi, namiji da mace, ya samu ƙuri'a. Hujjar Nasara a wancan lokaci ita ce hujjar matashinmu a yau: wai mutanen ba su waye ba. Abin mamaki, ba a taɓa cewa ba su waye ba ranar karɓar lanho ko ranar ɗibar ƴaƴansu zuwa yaƙi.

A Amurka ma an gwada. Jihar Misisipi ta sa cikin tsarin mulkinta na 1890 cewa sai mutum ya karanta ko ya bayyana ma'anar wani sashe na dokar kafin a rubuta shi cikin masu zaɓe. Wa ke yanke hukuncin ko ya ci? Magatakarda, farar fata. Sai ya ba ɗan uwansa tambaya mai sauƙi, ya ba baƙar fata wadda lauya ma zai yi gumi a kanta. A 1964 baƙaƙen fatar da ke da rajista a jihar ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Aka yi dokar 1965 da ta dakatar da jarrabawar, cikin shekara biyu suka kai kusan kashi 60. Ba ilimi ne ya sauko musu daga sama cikin shekara biyu ba, ƙyaure aka buɗe.

Jama'a, duk jarrabawa tana da mai shirya tambaya da mai duba amsa. Wanda ya riƙe alƙalamin nan ya riga ya ci zaɓe tun ba a jefa ƙuri'a ba. A ƙasarmu, inda fiye da rabin manya ba su karatun boko, mata kuma suka fi yawa cikinsu, da wane harshe za a yi ta? In da Faransanci ne, an fitar da ƙauye gaba ɗaya, an fitar da malamin da ya haddace Alƙur'ani, an bar mu ma'aikata muna yanke wa kowa hukunci. Ni ma'aikaci ne, kuma na san mu ma muna da namu son zuciya: albashinmu na zuwa da sefa ko iyaka a buɗe take ko a rufe.

Sannan wane sani ake nufi? Dattijon da aka yi wa dariya bai san ranar da aka sa hannu a Legas ba. Amma ya san canjin naira da sefa kafin ya karya kumallo, yana lissafa shi da ka. Ya san shinge nawa ke tsakanin gonarsa da kasuwar da zai kai wake, da abin da ake bari a kowane. Ya ga shekarar 1984 da Najeriya ta rufe iyakarta cikin fari, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. Ya ga Janairun 1994 da aka kwana da kuɗi aka tashi da rabin darajarsu. Ya ga rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, alhali duka ƙasashen biyu suna cikin CEDEAO. Wato ya san amfanin ƙungiyar, ya san kuma inda alkawarinta ya tsaya a takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka zauna jarrabawa kan iyaka, ban tabbata matashin ne zai zo na ɗaya ba.

Kada a ce na ce rashin sani ba illa ba ne. Illa ne, ya fi dare duhu. Amma ku dubi Birtaniya, ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta. Ranar 23 ga Yuni 2016 aka tambaye su ko su zauna cikin Tarayyar Turai ko su fita, kusan kashi 52 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Takardar ƙuri'ar ba ta faɗi irin fitar ba: da cinikin da ba haraji ko babu, da zirga-zirga ko babu. Masu neman fita sun rubuta a jikin mota cewa ƙasar na aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin na ɓatar da mutane. Sai da aka yi shekara uku da rabi ana jayayya kafin su fita ranar 31 ga Janairu 2020. Karatun masu zaɓe bai hana ruɗani ba, domin ruɗanin daga masu tambaya ya fito.

Namu tarihin ma haka ya nuna. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka tambayi Nijar ko ta zauna cikin tarayyar Faransa. Jibo Bakari da Sawaba suka ce a'a, aka turo gwamna Colombani ana saura ƴan makonni, hukuma ta sa nauyinta duka a gefe guda, «i» ta samu kashi 78, mafi yawan masu rajista kuwa ba su fito ba. A 1987 da 1989 an samu «i» fiye da kashi 99, lokacin da babu mai bakin cewa a'a. Ranar 4 ga Agusta 2009, zaɓen tazarce, an ba da sakamakon da ya haura kashi 90, bayan an rushe majalisa da kotun tsarin mulki, kuma wata shida bayan haka soja suka karɓi mulki. Ku gaya mini, cikin waɗannan duka, wanne ne jahilcin talaka ya ɓata? Ku kwatanta da 26 ga Disamba 1992, bayan taron ƙasa na 1991 da aka riƙa saurare a rediyo, aka yi gardama a kasuwa da tasha. Mutanen dai su ne, abin da ya canza shi ne an yi musu bayani an kuma bar su sun yi magana.

Don haka in jarrabawa ta zama dole, a yi wa wanda ya kira zaɓen. Shin tambayarsa guda ce, a fili, wadda tsohuwa za ta ji ta maimaita? Shin ya fassara ta da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci, ya sa a rediyon ƙasa da na karkara watanni kafin ranar? Shin ya ba mai «i» da mai «a'a» lokaci daidai, ba tare da wani ya kwana a tsare ba? Shin ya faɗi abin da za a samu da abin da za a rasa, da jika da dala: kuɗin duwan, takardun tafiya, makomar ƴaƴanmu da ke ci-rani a Legas, Kwatano da Abijan? Shin masu ƙirga ƙuri'a ba yaransa ba ne? A Suwizalan, inda ake irin wannan zaɓe sau da yawa a shekara, hukuma na aika wa kowane mai zaɓe ɗan littafi ɗauke da hujjojin ɓangarorin biyu. Mu da ba mu da yawan masu karatu muna da rediyo, muna da masallaci da kasuwa da ƙofar fada.

Wannan magana ba ta wuce ba. Ficewar 2025 ba ta shafi ƙungiyar UEMOA da kuɗin sefa ba, kuma duk ranar da aka taso da batun sabon kuɗi, zai shiga aljihun kowa fiye da yadda fita daga CEDEAO ta shiga. Ranar da ficewar ta tabbata, CEDEAO ta ce za a ci gaba da zirga-zirga da ciniki kamar da, har sai an sake sanarwa. Abin da aka ce «har sai an sake sanarwa» aro ne, mai shi na iya karɓa. Mu Arawa, da Ingila da Faransa suka raba ƙasarmu da alƙalami tsakanin 1898 da 1906 ba tare da sun tambayi kowa ba, mun fi kowa sanin zafin askin da aka yi wa mutum a bayan idonsa.

Ƴan uwana ma'aikata, da lanhon manomi aka gina makarantar da muka yi. Karatun nan bashi ne, biyansa kuwa shi ne mu zauna mu fassara wa mutane takardu da gaskiya, har da abin da bai yi wa ra'ayinmu daɗi ba. Ku kuma alhazai, ku riƙa rubuta abin da kuke biya a hanya da farashin kowane mako, da boko ko da ajami, domin ranar da aka zo tambaya ku amsa da lissafi. Matashin nan kuwa, in yana cikin zauren nan, ina roƙonsa ya koma wurin dattijon ya tambaye shi nawa buhun wake ya yi a watan da aka rufe iyaka, ya kuma saurari amsar har ƙarshe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.