Sabon Madugu da Nauyin Sa Rai: Jami'ar Alabama a Shekarar 2018



Abin da muka zo da shi yau magana ce a kan wasa, amma wasan da ba mu saba da shi ba, wato irin ƙwallon da ake yi a jami'o'in Amurka. Muna so mu duba abin da yakan faru idan jama'a suka ɗauki burinsu duka suka ɗora a kan ɗalibi ɗaya, sa'ar da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure, bisa ga abin da suka ga ya yi a rabin wasa ɗaya tak. Misalin da muka zaɓa shi ne na Jami'ar Alabama a shekarar 2018.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu ɗan fayyace wasan, domin ba tamaular da muka sani ba ce. Ƙwallonsu ba kewayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai mai tsini biyu, kuma da hannu ake ɗaukarsa a gudu da shi, ko a jefa shi. Tsawon filin yadi 100 ne, kowane ɓangare yana da mutum 11. Waɗanda ke riƙe da ƙwallo ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu yunƙurin, in sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo ya yi babban ci, maki 6 ke nan. Bugun da ya ratsa tsakanin sanduna kuwa maki 3. Kowace ƙungiya tana da rundunar hari dabam, rundunar tsaro dabam. A tsakiyar rundunar hari akwai mutum ɗaya da suke kira kwatabak, mu kuwa za mu kira shi madugu, domin shi ne uban tafiya. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kusan kowane yunƙuri, shi ke karanta tsayuwar masu tsaro, ya yanke shawarar ko ya miƙa wa mai gudu ko ya jefa wa mai cafkewa. A gabansa akwai ƙarti biyar da suke yi masa katanga, kuma daƙiƙa biyu zuwa uku yake da su kafin katangar ta tsage a kwantar da shi ƙasa.

Jami'ar Alabama tana garin Tuscaloosa ne. Filin wasanta yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, wato kusan yawan mutanen garin kansa. Jihar ba ta da ƙungiya a babbar gasar ƙwararru ta NFL, saboda haka zukatan jama'a a kan 'yan makaranta suke. Daga 2007 har ya ajiye aiki a Janairun 2024, Nick Saban ne kocin ƙungiyar. A shekarunsa na farko hanyarsa sananna ce: tsaro mai ƙarfi, da masu gudu da ƙwallo masu ture mutane. Biyu daga cikinsu, Mark Ingram a 2009 da Derrick Henry a 2015, sun ci lambar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Abin da ake nema wurin madugu a wannan tsari shi ne kada ya yi ɓarna. Ya miƙa ƙwallo lafiya, ya yi jifa in ta kama, kada ya bari abokan hamayya su cafke.

Jalen Hurts ya dace da wannan buƙata, har ya zarce ta. Ya zama madugu tun yana ɗan aji ɗaya a 2016, yana da ƙarfi, yana da gudu, kuma a kakar 2017 sau ɗaya kacal aka cafke jifarsa. Wasa 26 ya ci a matsayin madugun farko, 2 kawai ya faɗi. Sai dai masu kallo suna ƙorafin cewa yana jinkirin sakin ƙwallo, kuma in ya ga matsi yakan gwammace ya ruga da ƙafarsa da ya yi doguwar jifa.

Ranar 8 ga Janairu, 2018, a birnin Atlanta, Alabama ta kara da Jami'ar Jojiya a wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya tana da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya, Hurts kuwa yadi 21 kawai ya samu da jifa. Da aka dawo sai Saban ya zaunar da shi, ya sa wani ɗan aji ɗaya mai shekara 19, Tua Tagovailoa, bahago, ɗan asalin Samowa da ya tashi a Hawai. Yaron ya farfaɗo da ƙungiyar har aka tashi 20 da 20, aka shiga ƙarin lokaci. Jojiya ta fara, ta sami maki 3. Aka ajiye wa Alabama ƙwallo yadi 25 daga layin ci. A yunƙurin farko Tua ya yi kuskuren sabon shiga: ya riƙe ƙwallo ya yi ta ja da baya har aka kayar da shi, aka yi asarar yadi 16. A yunƙuri na biyu ya kafa ido a dama domin ya yaudari mai tsaron baya, sa'an nan ya juya hagu ya saki jifa mai yadi 41 ga DeVonta Smith, shi ma ɗan aji ɗaya. Wasa ya ƙare 26 da 23.

To, daga wannan dare har zuwa Satumba, kusan wata takwas, ba a yi wani wasan gasa ba, amma sa rai bai daina hauhawa ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma magoya bayan Alabama sun ɗauki wannan dare a matsayin Larabarsu. Aka yi ta nuna jifar nan a talabijin. Kayarwar da ta gabace ta, da jifar da aka cafke masa a wannan wasan dai, ba su sami irin wannan maimaici ba, alhali kuwa duk daga hali ɗaya suka fito, wato halin mai son ya ci da yawa a yunƙuri ɗaya. Tua bai taɓa fara wasa ko ɗaya a jami'a ba, ya kuma ji rauni a hannu lokacin atisayen bazara, amma tuni ana lissafa shi cikin waɗanda za su ci Heisman.

Kada mu zalunci masu sa ran nan, domin suna da hujja. Abin da suke jira ya wuce sabon mutum, sabon tsarin hari suke jira. Mai tsara hari na 2017, Brian Daboll, ya koma gasar ƙwararru, aka ɗaga Mike Locksley ya maye gurbinsa. Tsarin da ya ginu a kai shi ne wanda madugu zai sa ƙwallo a cikin mai gudu alhali idonsa yana kan mai tsaro guda ɗaya: in mai tsaron ya matso domin tare gudu, sai madugu ya zare ƙwallon ya jefa ta gurbin da ya bari, in ya tsaya, sai ya sakar wa mai gudu. Wannan yana bukatar ido mai sauri da hannu mai saiti, kuma nan ne Tua ya fi Hurts. Bugu da ƙari, ga masu cafkewa huɗu, Jerry Jeudy da Henry Ruggs da Smith da Jaylen Waddle, waɗanda daga baya ƙungiyoyin NFL suka ɗauke su duka a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa. Ga masu gudu uku, Damien Harris da Josh Jacobs da Najee Harris. Har katangar ma sai da aka sake lissafinta, domin bahago yana juya baya ga ɓangaren dama ne, saboda haka Jedrick Wills da ke ƙarshen dama ya zama mai tsare masa ƙeya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sunan mutum ɗaya ake ta kira.

A nan sai mu ɗan ratse mu tuna cewa a 2018 doka ba ta yarda a biya waɗannan yara albashi ba, ko su sayar da sunansu a talla. Sai a Yulin 2021 aka buɗe ƙofar talla. Abin da suke samu a 2018 shi ne karatu kyauta da abinci da masauki da ɗan kuɗin kashewa, alhali kocinsu yana karɓar fiye da dala miliyan 7 a shekara. Kuma da safe suna da lacca kamar yadda muke da ita.

Shi kuwa Hurts, an yi ta cewa zai tafi. A wannan shekara aka fito da sabuwar doka cewa ɗalibin da bai wuce wasa huɗu ba a kaka, ba za a lissafa masa shekarar cikin shekarun wasansa ba. Madugun Jami'ar Clemson, Kelly Bryant, da aka sauke shi bayan wasa huɗu aka ɗora ɗan aji ɗaya Trevor Lawrence, ya yi amfani da wannan doka ya bar ƙungiyar. Ba mu ga laifinsa ba, shekarun wasa kaɗan ne. Hurts ya zauna, ya wuce wasa huɗun, ya yarda ya riƙa shiga bayan an riga an gama cin wasa.

Aka fara kaka ranar 1 ga Satumba, Alabama ta doke Louisville 51 da 14, aka kuma tabbatar da Tua a matsayin madugu. Abin da ya biyo baya ya wuce abin da masu sa rai suka yi mafarki. Wasanni 12 na kakar yau da kullum duk an ci su, kowanne da ratar fiye da maki 20. Har zuwa Nuwamba Tua bai buga kashi na huɗu na wasa ba, domin kafin lokacin an riga an yi nisa, kuma ba a cafke jifarsa ko ɗaya ba sai a wasan da suka ci Jami'ar Jihar Luwiziyana 29 da babu. A ƙarshen kaka yana da yadi 3,966, da jifar babban ci 43, da cafkewa 6 kawai.

Ranar 1 ga Disamba aka koma filin nan na Atlanta, da Jojiya dai, a wasan cin kofin shiyyar kudu maso gabas. Wannan karon Jojiya ta yi shiri. Tua ya yi jifa 25, 10 kawai suka isa hannun mutanensa, biyu suka faɗa hannun masu tsaro. A kashi na huɗu, Jojiya tana gaba da 28 da 21, ɗaya daga cikin 'yan katangarsa ya taka masa idon sawu, aka fitar da shi. Hurts ya shiga. Ya jefa wa Jeudy aka yi kunnen doki, sa'an nan saura kimanin minti ɗaya ya ruga yadi 15 da ƙafarsa, ƙafar nan da ake ƙorafi a kanta, ya ƙetare layi. Aka tashi 35 da 28. Da tsohuwar zuma ake magani. A ganinmu wannan ne wasa mafi muhimmanci a kakar, domin wanda ba a sa rai a kansa ba shi ya ceci abin da aka sa rai a kai, kuma ya iya yin haka ne saboda bai yi fushi ya tafi a Satumba ba.

Mako guda bayan haka lambar Heisman ta tafi ga Kyler Murray na Oklahoma, Tua ya zo na biyu. Ya rama a fili, domin a ƙarshen Disamba, bayan an yi masa aiki a idon sawu, Alabama ta ci Oklahoma 45 da 34. Sai wasan ƙarshe, ranar 7 ga Janairu, 2019, a Santa Clara ta jihar Kalifoniya, da Clemson da madugunta Lawrence, ɗan shekara 19. Tun a mintocin farko wani mai tsaro, A.J. Terrell, ya cafke jifar Tua ya ruga da ita har layin ci. Aka sake cafke wata doguwar jifa kafin hutu. Bayan hutu Alabama ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Aka tashi 44 da 16, kuma ba a taɓa yi wa Saban irin wannan kaye ba a duk zamansa a Alabama.

Yanzu mu dubi lissafin. Wasa 14 aka ci, 1 aka faɗi, ga kofin shiyya, ga rundunar hari da ta canza kamannin ƙungiyar baki ɗaya. A kusan kowace jami'a ta Amurka, irin wannan shekara sai a riƙa ba jikoki labarinta. A Tuscaloosa kuwa da yawa sun ɗauke ta shekarar da aka gaza, domin ma'aunin da aka kafa tun daren Atlanta shi ne kofin ƙasa. Mun yi imani ba a yi wa yaron adalci ba. Dabarun hari ya cika alkawarinsu, har ya ƙara. Abin da ya kasa shi ne ya maimaita daren da ba ya maimaituwa, kuma laifin maki 44 da aka zura musu ba duka a wuyansa yake ba, rundunar tsaro tana da nata kaso.

Hurts ya karɓi digirinsa a Disambar 2018, ya koma Oklahoma, ya zo na biyu a Heisman ta 2019, kuma a Fabrairun 2025 ya ci kofin Super Bowl tare da ƙungiyar Philadelphia Eagles, aka zaɓe shi gwarzon wasan. Tua ya ji mummunan rauni a kwatangwalo a Nuwambar 2019, wanda ya kawo ƙarshen wasansa a jami'a, duk da haka Miami Dolphins ta ɗauke shi na biyar a zaɓen 2020. Kofin ƙasa da aka sa ran zai kawo a matsayin madugun farko ya zo ne a Janairun 2021, da irin tsarin harin da aka buɗe dominsa, da Smith yana cafkewa, amma a hannun Mac Jones, wanda a 2018 shi ne na uku a layi, ana sa shi ne kawai in Tua da Hurts duk sun huta.