Haƙƙin ɗan kasuwa a bakin iyaka da a hannun hukuma



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa membobi, ina taya mu murnar zagayowar wannan rana. An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan ƙorafin da ya fi zuwa ofishinmu: tsare mutum a bakin iyaka, da kama shi saboda bashi.

Na fara da takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da fasfo ko takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu har sai an yi sabon tsari. Saboda haka mai bi ta Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ya riƙe takardarsa a jikinsa, ya sa a buga masa hatimi, kuma ya ƙidaya kwanakinsa.

Na biyu, kamu. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce duk wanda aka kama, ɗan ƙasa ne ko baƙo, dole a faɗa masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, in babu, kwana biyu. Baƙo kuma yana iya neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kamar yadda yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta tanada.

Na uku, bashi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ciniki ya lalace ko an saɓa alkawari. Ta kuma hana a kama ɗa, ko mata, ko yaron shago a madadin wanda ake nema. Wannan ya hau kanmu mu ma: kada mu kai ɗan uwanmu caji ofis saboda kuɗin buhun wake. A kawo maganar gaban dattawa, in ta gagara a tafi kotu.

Roƙona gare ku: duk kuɗin da kuka biya ku nemi rasit, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba, kuma in an tsare wani a sanar da ofis a ranar.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.