Shanun da ke Jikin Dutsen Birnin Kudu

 Yau maganarmu a kan zanen dutse ce, zanen da ke Birnin Kudu.

Mu fara da nesa. A ƙasashen Meziko da Gwatamala, al'ummar Maya sun gina manyan birane irin su Tikal. Sun bar rubutu a jikin duwatsu. Masana sun daɗe suna fama kafin su iya karanta shi. Yau an san sunayen sarakunansu da shekarun mulkinsu.

To, mu dawo gida. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke Birnin Kudu akwai hotunan shanu, an zana su da jan launi. Ku lura da kyau, shanun ba su da tozo. Ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yau ba ne. Wannan kaɗai shaida ce cewa wasu shanu daban sun taɓa kiwo a ƙasarmu. Akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Wani masani mai suna Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950.

Ba kamar al'ummar Maya ba, masu zanen nan ba su bar mana rubutu ba. Zanen ne kawai muryarsu. In yaro ya kankare shi da ƙusa, ko aka fasa dutsen don tsakuwa, babu wani littafi da zai maye gurbinsa.

Malaman makarantu, ku kai ɗalibanku Birnin Kudu su gani da idonsu. Ku hana su taɓawa.