Goyon da ba a saukewa: iyaye mata masu 'ya'ya naƙasassu a yankin Bukkuyum

 Yau daga Nasarawar Burkullu nake magana, kuma hirar tamu a kan iyayenmu mata ce.

Da yawanku kuna yara a 2010, lokacin da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru. A cikin gidaje ake niƙa duwatsun zinare, yara suna shaƙar ƙurar, suna wasa a cikinta. Sama da yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi magani, a 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

To amma fa maganin rage dalmar yake yi a jini, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Wasu da suka rayu ba gani, wasu ba magana, wasu ba tafiya. Yanzu sun zama samari da 'yammata. Wa ke ɗaga su, ya wanke su, ya ba su abinci a baki? Uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin da ake koya wa iyali motsa gaɓɓan yaro a gida, ma'aikaci yana zagayowa yana dubawa. Tsari ne mai kyau, wallahi. Sai dai ma'aikaci zai shiga ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyarsa? In an ce a kai yaro gashin ƙashi Gusau, kuɗin mota fa? Ranar da ta tafi, wa zai yi mata sana'ar da ake ci da ita? Ta dawo kuma ta tarar ana cewa aljanu ne, ko daga danginta aka gado.

Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Najeriya. Je ka tambayi uwar da ke ƙauye ko ta taɓa jin labarinta.

Matasa, ga namu aikin. Kowace unguwa a rubuta sunayen yaran nan, a kai wa kansila da sashen walwala na ƙaramar hukuma. 'Yan'uwa mata, ku karɓi uwar ko na awa biyu ta huta. Maza kuma, ɗan naku ne ku biyu.

Allah ya saka wa iyayenmu da Aljanna. Sai mun haɗu a shiri na gaba.