Taron iyali: kada a jira ranar rabon gado



A shekara ta 1991, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, wakilan al'umma suka zauna a Yamai a babban taron ƙasa, suka tambayi masu mulki inda dukiyar talakawa ta shiga. Jama'a suka manne wa rediyo suna yabawa. Amma da yawa cikin masu yabon ba su taɓa zaunar da matansu da ƴaƴansu sun faɗa masu abin da ke shigowa gida da abin da ke fita ba.

Taron iyalin da aka fi sani a ƙasar nan shi ne na bayan rasuwa. Idan ma'aikaci ya cika, dangi kan taru su naɗa wakili, a rubuta takarda a kai kotu, kafin a karɓi haƙƙoƙin mamaci. Ran nan ne uwargida kan fara jin cewa filin da take sa rai a gina wa ƴaƴanta an daɗe da jinginar da shi. Zama ne da ya zo a makare, domin mai amsa tambayoyin yana ƙarƙashin ƙasa.

Haka abin yake wajen ƴan kasuwa. Attajirin Maraɗi ko Damagaram da ke ɗauko kaya daga Kano ko Kwatano yakan ba da bashi da baki, ya karɓa da baki. Ranar da ya faɗi, masu bin sa su zo da shaidu, waɗanda yake bi su yi shiru. Shari'a ta ce a biya bashi kafin a raba gado, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Yaya magada za su biya abin da aka ɓoye masu?

Shawara a gida ba baƙon abu ba ce. A zamanin gandu, kafin ruwa ya sauka, maigida kan tara ƙannensa da manyan ƴaƴansa a yanke gonar da za a shuka hatsi, a ware ranakun gandu da na gamana, kowa ya san damman da suka rage a rumbu. Albashi da shago ne suka mayar da lissafin gida sirrin mutum ɗaya. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, ga albashi na yin watanni bai fito ba, matar da ba a yi wa bayani ba sai ta ɗauka rowa ce ta rage cefane, ko wani aure ake shiryawa.

Tsarin zaman ba shi da wuya. A tsai da rana ɗaya kowane wata, bayan sallar isha'i. A kira matan gida duka, kada a bar ɗaya, da ƴaƴan da suka yi hankali. Wanda ya tafi cin rani a neme shi ta waya. A fara da kuɗi: hatsin da za a saya da kaka tun yana da araha, kayan komawa lakwal a watan Oktoba, ragon layya, bashin da ake bi da wanda ake biya. A raba aiki, kowa ya san nasa. Sannan a saurari ƙorafi, ƙarami ya fara, don kada bakin babba ya rufe nasa. Abin da aka yanke a rubuta shi a littafi, a karanta a zama na gaba.

Wani zai ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, sirrin gida ba na kasuwa ba ne. Amma mata da ƴaƴa ba ƴan kasuwa ba ne, su ne za su ɗauki nauyin idan maigida ya kwanta ciwo ko ya kau. Girmansa ba ya raguwa don ya saurara. Hukunci na hannunsa bayan kowa ya faɗi nasa.

Allah ya haɗa kan iyalai, ya raba zumunta da shari'ar gado.