Sanda Da Sigina: Me Zai Tsare Ran Fasinja?

(Jawabin da wani ɗalibi ya yi wa 'yan'uwansa a Dugabau lokacin hutu)



Wani zai ce ina ruwan mutumin Dugabau da jirgin ƙasa, alhali dogo bai bi ta garinmu ba? To, tun da dogo ya iso Kano cikin 1911, gyaɗar da kakanninmu na Kabo da Gwarzo suka noma shi ya riƙa kai ta Ikko. Ga shi kuwa cikin 2021 an ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Kaduna, da kuma zuwa Maraɗi. Mu ne fasinjojinsa, cikinmu kuma za a sami injiniyoyinsa.

Bari mu duba yadda mutanen da suka tsare rai. Tsohon dogo layi ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa duk kansa suke bi. Saboda haka direba ba ya barin tasha sai an danƙa masa wata sanda, wadda ita ce izinin shiga tsakanin tasha da tasha. Muddin tana hannunsa, ba a ba wani direba izinin wannan yanki, watau jirage biyu ba sa haɗuwa. Akwai kuma lebura mai bin layi a ƙafa yana duba kusoshi, da mai ƙwanƙwasa ƙafar tarago da guduma, don ƙarfen da ya tsage amonsa daban ne.

Yau akwai siginar lantarki, da rediyo tsakanin direba da tasha, da na'urar da ke gano tsaga a cikin ƙarfe inda ido ba ya gani. Ba mu raina su ba, gama jirgi mai gudu ya fi ƙarfin tuta kaɗai. Amma mu tuna da Balasore ta ƙasar Indiya.  Ran 2 ga Yuni 2023, sigina ce ta nuna wa direba hanya a buɗe saboda kuskuren haɗin waya, mutum fiye da 290 suka hallaka. Mutum ma yakan gaza: cikin Maris 2023 a Ikeja, jirgi ya banke wata bas a mararraba, bayan direbanta ya ƙi bin masu tuta. Da akwai ƙyauren da ke rufe kansa, watakila da rayuka sun tsira. Ran 28 ga Maris 2022 kuwa, 'yan ta'adda suka fasa layin Abuja zuwa Kaduna. Sabuntar dogo ba ta hana su ba.

Abin da muke gani shi ne, na'ura ta tsare kuskuren mutum, mutum ya tsare kuskuren na'ura. Kada a sallami mai bin layi sai sabuwar na'ura ta sha ƙurar hunturu da ruwan Agusta, ta jure ɗaukewar wuta da ɓarayin waya. Kowace na'ura kuma, in ta lalace, umurninta ya zama "tsaya". Har ila yau a jawo dagatai da manoman gefen dogo a jika, domin su ke fara ganin baƙuwar fuska.

'Yan'uwa, gobe wani cikinmu za a miƙa wa takardar sayen kayan nan ya sa hannu. Ran nan ya tuna, da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.